Taufiƙ Ba Ya Ɗaga Ido

A unguwarsu a Djougou, idan uwa ta gaji da fitsarar ɗanta, da Taufiƙ take yi masa gori. Ɗan Alhaji Tahirou mai goro ne, kuma tun yana rarrafe ba wanda ya taɓa ganin ya ɗaga ido ya zuba wa babba. Ko gaishe shi aka yi, ƙasa yake kallo, ko ya kalli hannun mai maganar. Dattawan ƙofar masallaci suka ce tarbiyya ce irin ta gidan fatake, wadda yanzu ta yi wuya.

Mahaifiyarsa Hindou ba ta lura da komai ba, kuma da dalili. Taufiƙ ɗan fari ne, ita kuwa a inda ta tashi ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a tsura masa ido. Tana kawar da kai don kara, shi yana kawar da nasa don wani abu daban, sai ya zama ba wanda ya kama wani. Idan tana da magana da shi, gefensa take zama a tsakar gida, su baza goro a kan buhu suna ware fari da ja, suna tsince mai sankara. Ta yi tambaya kamar da iska take, shi kuma ya amsa wa goron. A haka ya girma.

Makarantar boko ce ta fara ganin abin a matsayin laifi. Mushe, malamin ajinsu, ya damƙi haɓarsa ya ce regarde-moi, wato kalle ni, Taufiƙ ya toshe kunnuwa ya yi ta kururuwa har aka aika gida. Alhaji ya ce ba boko kaɗai ke ba da abinci ba, ya zaunar da shi a rumfa. Nan ya samu wurinsa, don duk abin da aka faɗa masa sau ɗaya ya zama doka. A yayyafa wa ganyen goro ruwa bayan azahar. Kada rana ta taɓa huhu. Kuma tun ranar da aka sace wa Alhaji babur a bakin masallaci ya ce ba a barin makulli a jikin babur, wanda ya gani ya zare ya riƙe wa mai shi. Duk layin sun san haka. Wanda ya nemi makullinsa ya rasa, rumfar Alhaji yake nufa ya miƙa hannu, Taufiƙ ya ajiye masa a tafi bai dubi fuskarsa ba.

Ƙanwarsa Mubina ce ta je jami'a a Parakou, kuma a can, a wani darasi, ta ji ana zayyana abin da likitoci ke kira otizim. Kamar yayanta ake siffantawa. Da ta dawo hutu ta zauna gefensa ta tambaye shi me ya sa ba ya kallon mutane. Ya daɗe yana juya goro a hannu.

"Ido yana da ƙara," ya ce. "Idan na kalle shi, ba na jin maganar."

Bayan ta gama karatu ta nace sai an kai shi wajen wani likita a Parakou. Hindou ta ce ita ba ta ga abin da ke damun "wannan" ba, mutumin da ya haura talatin bai taɓa faɗa da kowa ba. Daga baya ta haƙura. Ta ƙulla goro a leda tsarabar matar da Mubina ta zauna gidanta, ta ce abu ɗaya take roƙo, kada a saki hannunsa a tasha.

Suka isa Parakou da hantsi. Tashar ta cika da ham, ga 'yan zem masu ɗaukar fasinja a babur suna ta kiran mutane. Mubina ta ga kafaɗun Taufiƙ sun fara ɗagowa zuwa kunnuwansa, sai ta tsayar da shi a inuwar wata rumfa, ta ce ya jira, za ta sayo ruwa. Tana karɓar ruwan ta ji an ce voleur, wato ɓarawo, wani ya maimaita da yaren Dendi, wani da Hausa, mutane suka kwasa da gudu zuwa daidai inda ta bar shi.

Da ƙyar ta kutsa. Taufiƙ na durƙushe a ƙasa kusa da wani jan babur, hularsa ta faɗi, jini na bin girarsa. Hannunsa na dama a dunƙule yake a ƙirji, igiyar makulli na leƙowa ta tsakanin yatsu. Wani matashin ɗan zem, wanda ta ji ana kira Saidou, yana riƙe da wuyan rigarsa yana gaya wa jama'a cewa ya juya baya ne kawai ya sauke wa fasinja kaya, ya waiwayo ya ga makullinsa a hannun wannan. Ya tambaye shi, bai amsa ba. Ya ce ya bayar, ya ƙi.

"Ku dube shi," in ji Saidou. "Mai gaskiya ne zai kasa kallon mutum?"

Mubina ta ce yayanta ne, ba shi da lafiya, ga shi asibiti za su. Ta faɗa da Hausa, ta faɗa da Faransanci. Wata mai abinci ta ce ai kowane ɓarawo yana da 'yar'uwa. Daga baya wani ya ambaci taya, ta kuma ga wani yana duban kwalaben fetur da ake sayarwa a bakin titi.

Abin da ya zo mata shi ne abin da shekarun makaranta suka cusa mata. Ta durƙusa gabansa, ta kama haɓarsa ta ɗaga.

"Yaya, don Allah dube su. Sau ɗaya kawai ka dube su ka faɗa musu."

Idonsa ya haɗu da nata na ɗan lokaci, ta ga abin da ke ciki, ta gane ta yi kuskure. Ya fizge kansa ya saki wata ƙara mai tsawo, ya toshe kunne ɗaya da hannun hagu, ɗayan da dunƙulallen hannun, ya fara kai da komowa. Taron ya ja baya taku ɗaya sannan ya matso fiye da da. Wani ya ce wasan hauka ya fara yi. Wani dutse ya faɗo kusa da gwiwarta.

Wani dattijo mai furfura ya shigo tsakiya. Malam Yaou ne, shugaban 'yan zem na wurin. Ya ce kowa ya dakata, amma ya gaya wa Mubina a hankali cewa ba zai iya riƙe su da daɗewa ba, makullin dai ya fito, kuma mutumin ya yi magana da bakinsa.

Ta roƙe shi abu ɗaya, a ce wa Saidou ya saki rigar, kuma kowa ya bar gabansa. Ta tashi daga inda take, ta koma gefen hagunsa ta zauna a ƙasa, kafaɗa da kafaɗa, tana fuskantar inda yake fuskanta. Ta shimfiɗa mayafinta, ta kwance ledar Hindou ta zazzage goron. Garin sauri goro biyu suka gangara cikin ƙafafun mutane. Wani ya yi dariya ya ce ko ɗaurin aure za a yi. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ware fari da ja, sannan ta ɗauki fari ta sa a cikin ja, da gangan, ta sake ɗaukar wani ta yi haka.

Ƙarar ta ragu. Tana jin numfashinsa yana sauka. Hannunsa na hagu ya sauko ya mayar da farin wurinsa. Ta sake cakuɗawa. Aikin ba na hannu ɗaya ba ne, ta sani. Can sai yatsun dama suka buɗe, ya ajiye makullin a gefen mayafin, ya daidaita shi, ya ci gaba da warewa.

Tana kallon goron ta tambaya, da irin muryar Hindou, ko makullin wane ne wannan.

"An bar shi a jiki," in ji Taufiƙ. "Baba ya ce ba a bari. Ina riƙe wa mai shi. Bai miƙo hannu ba, rigata ya ja."

Malam Yaou ya dubi Saidou ya ce ya miƙa hannu. Saidou ya miƙa tafi a buɗe. Taufiƙ ya ɗauki makullin ya ajiye masa, kamar yadda yake yi wa kowa a layinsu. Saidou ya yi gunaguni cewa har yanzu dai bai kalle shi ba. Dattijon ya tambaye shi, shi idan ubansa na magana, cikin ido yake kallonsa? Ba wanda ya ba da haƙuri. Mutane suka watse da kaɗan-kaɗan, mai abincin ta kawo ruwa a kofi ta ajiye.

Sun je asibitin, amma ɗinkin gira aka yi, likitan da suka zo gani ya riga ya tashi. A motar komawa Djougou suka zauna gefe da gefe suna kallon hanya. Mubina ta damƙe ledar a cinya, tana ta shirya abin da za ta gaya wa Hindou. Sun yi nisa sosai kafin Taufiƙ ya yi magana, idonsa a kan titi. Ya ce goro biyu sun faɗi ba a ɗauka ba, kuma duka farare ne.