Farantan Sola a Bayan Rufi

Akwai abin da ya same ni wanda har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da shi ba. Ya faro ne a shekarar da aka cire tallafin man fetur, lokacin da janareto ya koma kayan ado a gidajen Wudil. Nawa ma na ɗora masa tsohon buhu, kaji suka riƙa hawa kansa.

Ni dillalin shanu ne a kasuwar Kara. Mai ɗakina kuma tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, kuma maganar gaskiya, firizarta ta fi dillancina riƙe cefanen gida. Da mai ya gagara, sai na sayar da bijimin da na yi wata bakwai ina kiwo, na kira mai haɗa sola. Ya kawo faranti shida, da batir biyu, da inbata mai mayar da wutar batir ta gida.

Sharaɗi ɗaya na kafa masa. Na ce kada ya ɗora su ta fuskar titi, ya kai su bayan rufi inda ba mai gani. Na san unguwarmu. Ranar da aka ji kana da wuta, gidanka ya zama wurin cajin waya, kuma ba ka isa ka hana maƙwabci ba. Ya ce katakon bayan ya tsufa, kuma sai ya ɗaga farantan a kan ƙarfe kafin su sami rana sosai. Na ce ya ɗaga. Ya huda kwanon, ya ɗaure ƙarfen da tsohon katako, ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Gidan nan kuwa yana da inshora, abin da ba kowa ke yi ba a wajenmu. Ƙanena ma'aikacin gwamnati ne, shi ya matsa mini bayan wata gobara da aka yi a layinmu, ya ce irin ta Musulunci ce, babu riba a ciki. Shekara huɗu ina biya ban taɓa fashi ba. Takardar kuma na naɗe ta a leda, na sa a ƙasan akwati tare da takardar fili. Dangwala yatsa kawai na yi a kanta, don a lokacin ban iya karatun boko ba.

A shekarar solar nan ce na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la'asar. Wata rana malaminmu ya ce kowa ya zo da wata takarda daga gida a gwada karantawa. Na buɗe akwati, na ɗauko ledar, na dube ta, na ce wannan babbar takarda ce, ba ta yawo ba. Na mayar. Na tafi da kwalin maganin tsutsar shanu. Har yau na haddace abin da ke jikinsa.

Da rani ya yi, wakilin kamfanin inshorar ya zo sabunta takarda. Matashi ne mai ladabi, ya tarar da ni a zaure tare da maƙwabcina da wasu mutum biyu. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi mahaifinsa, ya zaro biro.

"Baba, tun bara an ƙara wani abu a ginin? Ɗaki, ko rufi, ko kayan wuta?"

Na kalli maƙwabcina. Wayarsa na hannunsa, a mace.

Na ce, "Babu abin da aka ƙara."

"Ko kaɗan, Baba?"

"Gida yana nan yadda ka san shi."

Kwana uku ke nan ba a kawo wuta ba a unguwar, fanka kuma tana juyawa a kanmu. Ya ɗaga kai ya dube ta, ya dube ni, ya rubuta abin da na faɗa. Ranar ce na fara sa hannu da biro maimakon dangwale, na rubuta sunana harafi bayan harafi. Har daɗi na ji.

Iskar farkon damina ta zo ranar wata Talata, ana fitowa daga sallar la'asar. Gabas ta yi baƙi, ƙura ta tashi, muka fake a shagon wani tela. Daga nan na hango wani rufi ya ɗaga sama gaba ɗayansa, ya tsaya kamar yana shawara, sannan ya kifa. Na ce, Allah ya mayar wa mai wannan gida da alheri. Telan ya leƙa ya ce, "Amin. Ai naka ne."

Alhamdulillahi, iyalina suna ɗakin girki, ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Amma ɗakuna biyu sun zama fili, ruwa yana zuba a kan gado kamar a tsakar gida. Iskar ta shiga ƙarƙashin farantan da aka ɗaga, ta ja su, su kuma suka ja katakon da kwanon. Faranti ɗaya a garken awakin maƙwabcina ya sauka. Shi da kansa ya ɗauko shi a ka ya kawo mini.

Na karɓa, na ce, "Wani ɗan abu ne na sa kwanaki, ban samu na gaya maka ba."

Ya ce, "Sola? Ai tun ranar da aka ɗora muka sani. Iyalina a wajen mai ɗakinka suke caji. Ni ne dai nake jin nauyinka."

Na juya na kalli mai ɗakina. Tana matse katifa, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Malam, ƙanƙara nake sayarwa a garin da babu wuta. Me kake so mutane su ɗauka?"

Duk da haka hankalina a kwance yake, ai ina da inshora. Muka kwashe yara muka koma zaure, na aika wa ƙanena. Bayan kwana biyu wakilin ya zo da wani mai duba ɓarna, ƙanena ma ya zo. Mutumin ya hau tsani, ya taɓa ƙarfen, ya sa yatsa a hujin kwanon, ya ɗauki hoto, ya sauko. Wakilin ya nemi in kawo takardata. Na kawo ta a ledarta, fes, kamar ranar da aka ba ni.

Ya juya bayanta. Ashe duk abin da aka rubuta da Turanci a gaba, an fassara shi da Hausa a baya. Shekara huɗu ban taɓa juya ta ba.

"Baba, in karanta maka?"

Na ce, "Bari. Ina zuwa aji."

Na ɗora yatsa a layin da ya nuna mini. Na daɗe a kai, ba wanda ya katse ni. Abin da layin ya ce shi ne, duk wanda ya yi ƙari ko canji a rufi ko a kayan wutar gida, wajibi ne ya sanar da kamfani a zo a duba, in bai sanar ba, ɓarnar da ta fito daga wannan ƙarin ba ta cikin alkawari. Na kai ƙarshe ba tare da kuskure ko ɗaya ba. Wannan shi ne dogon rubutu na farko da na karanta da kaina a duniya.

Ƙanena ya ce, "Yaya, ashe karatu ya zauna."

Na ce, "Ya zauna."

Na tambayi wakilin, da na faɗa masa ran nan fa? Ya ce da sun turo a duba, da an sa na canza katakon, da an ɗan ƙara mini abin da nake biya, farantan ma su shiga cikin inshorar. Na ce ai ka ga fanka. Ya ce, "Na gani, Baba. Amma ba zan ƙaryata ka a gaban mutane ba." Ya nuna mini inda aka rubuta babu ƙari, ga sunana a ƙasa da rubutun hannuna. Rubutun ya yi kyau, ba laifi.

Ban yi musu ba, don ba a cuce ni ba. Ƙanena ya rubuta musu roƙo, suka amsa cikin ladabi cewa ba za su biya ba. Sati uku muka yi a zaure kafin na sayar da tumaki na rufe ɗaki ɗaya. Na biyun sai bayan kaka.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Takardar da aka adana ba a karanta ba, ba ta tsare kowa. Kuma wanda ka ɗauka ya tsaya maka ranar asara, ba shi ake ɓoye wa kaya ba. Yanzu ko ƙusa zan ƙara a rufi sai na kira su, kuma kowace takarda aka miƙo mini, bayanta nake fara dubawa.

Abin da ya tafi kuwa: faranti biyar cikin shida, inbata ɗaya, kwano bandir biyu, katifa uku, buhun gero ɗaya da rabi, tumaki huɗu, da bijimin da ya sayi sola. Farantin da ya tsira, wanda ya faɗa garken awaki, yana nan a ƙofar gida ta fuskar titi. Waya tara yake caji a yini.