Ɗakin Alhaji Isiyaku na Makka

Har yau ban manta da ranar da aka ajiye mini ɗaki guda na birnin Makka a kan tebur ba, a naɗe cikin farin ƙyalle yana ƙamshin turare. Lokacin ina rajistara a wata kotun shari'a a ƙasar Daura, 'yan shekaru bayan an dawo da aiki da shari'a a jiharmu. Ku da kuka shigo aikin nan a baya-bayan nan kuna yawan tambayata dalilin da ya sa nake tsananta wa takardun gado. Wannan ne dalilin.

Ga wanda bai san aikin ba, rajistara shi ne mai riƙe da takardun kotu. Idan an kawo rabon gado, shi ke rubuta sunayen magada da duk abin da mamaci ya bari, sannan ya tura masu kimantawa su je su gani da idonsu su sa wa kowane abu daraja. Gona a zagaya ta, gida a shiga ɗakunansa, dabba a duba haƙoranta. Sai an gama wannan alƙali yake rabawa.

Mamacin shi ne Alhaji Isiyaku, bafataken shanu daga wajen Zango. Matarsa ta riga shi rasuwa. Ya bar 'ya'ya uku: Nasiru babba, sai Hadiza, sai autansu Usaini. Mijin Hadiza ya rasu ya bar ta da yara huɗu, kuma abin da take ci da su yana fitowa ne daga wata ƙaramar gona ta bakin hanya da mahaifinta ya bar mata tana noma gero da gyaɗa. Ba kyauta ya ba ta ba, aro ne, saboda haka gonar ta shiga cikin gado.

Sun zo wata Litinin cikin watan Sha'aban, kuma sun zo da sulhunsu a hannu. Nasiru ne ya yi bayani. Shi zai ɗauki gida da ƙaramar gonar, Usaini ya ɗauki babbar gona da ragowar shanu, Hadiza kuwa ta ɗauki abin da ke cikin ƙyallen. Da na kwance, sai ga takarda mai kauri da zanen zinariya a gefe, hoton Ka'aba a sama, rubutun Larabci da na Turanci a ƙasa. Takardar ta ce Alhaji Isiyaku mamba ne na wata ƙungiyar hutu da Umara, kuma ya mallaki ɗaki mai lamba ɗari bakwai da goma sha huɗu a wani dogon bene kusa da Harami, na kwana goman ƙarshe na kowane azumi, shi da magadansa har abada.

Nasiru ya ce, “Malam, duk cikinmu babu mai ibada kamar Hadiza. Mu maza muna iya nema mu je. Ita wa zai kai ta? Shekarar da ba ta samu zuwa ba kuma, a ba da hayar ɗakin, kuɗin ya fi abin da gonar nan ke bayarwa sau nawa.”

Hadiza tana zaune a tabarma ta sunkuyar da kai. Na tambaye ta ko ta yarda, ta ce, “Abin da Yaya ya ce. Wa zai ƙi maƙwabtaka da ɗakin Allah?”

Na shiga wurin alƙali na ce ba zan iya rubuta takardar cikin rabo ba, domin babu wanda ya ga ɗakin. Alƙalinmu dattijo ne mai ilimi, amma yana da shari'u jibge da yake son sallama kafin azumi. Ya ce, “Malam Hashimu, magada sun yi sulhu. Mu ne za mu kwance abin da suka ƙulla?”

Na ce, “Allah ya gafarta Malam, akuya ma ba ma raba ta sai an kawo ta mun gani. Yaya za mu karɓe gonar marayu mu ba su ɗakin da ko ƙofarsa ba wanda ya taɓa taɓawa?”

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ya ba ni mako guda.

Na nemi a kawo mini duk wata takarda da ta shafi ɗakin, Usaini ya kawo su cikin leda. A nan na ga yadda aka yi da marigayin. Wasu mutane ne suka zo gari da manyan motoci, suka kama zaure suka gayyaci fatake da 'yan kasuwa. Aka buɗe taro da addu'a, aka ci shinkafa da kaji, aka raba dabino da 'yan kwalabe da aka ce zamzam ne, aka nuna majigin ɗakuna masu tagogi da ke kallon Harami. Sannan aka ce ɗakunan sun kusa ƙarewa, kuma farashin na ranar ne kaɗai. Alhaji Isiyaku, mutumin da zai yini yana ciniki a kan ɗan maraƙi, bai nemi ragin ko kwabo ba. Usaini ya ce cewa ya yi ba a tayi a kan maƙwabtakar ɗakin Allah. Marigayin ya sayar da shanu ya biya. Bayan haka kowace shekara sai an turo masa takardar kuɗin kula da ɗaki, ya biya. Duk lokacin da ya ce zai je, sai a ce ana gyaran bene, ya bari sai baɗi.

Ina karantawa raina yana ɓaci. Mutanen nan sun san mu sarai. Sun san Bahaushe zai ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa sau biyar kafin ya saya, amma idan ka manna hoton Ka'aba a kan abu, kunya da tsoron Allah za su hana shi tambaya. Ni kaina sai da na yi bisimilla kafin na juya takardar nan, kamar wanda zai buɗe littafin addini.

Ranar Laraba Malam Barau ya zo kawo rahoton shanun. Tsohon dillali ne a kara, kasuwar shanu, shi muke kira idan gado ya haɗa da dabbobi. Yana zaune gaban teburina sai idonsa ya faɗa kan takardar, ya yi murmushi ya ce, “Allah ya jiƙan Alhaji. Ai maƙwabta muke da shi a can. Ni ma ina da tawa.”

Na ce ya taimaka ya kawo mini na gani. Washegari ya zo da ita a cikin gafaka, na shimfiɗa su biyu a jere. Bene ɗaya, lamba ɗari bakwai da goma sha huɗu, kwana goman ƙarshe na azumi. Sunan mai ɗaki ne kawai ya bambanta. Kafin mako ya cika, Malam Barau da kansa ya gano wasu mutum biyu a kara masu irin takardar, su ma da wannan lambar.

Na kai wa alƙali. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ɗage shari'ar zuwa bayan salla. Wani amininsa da zai tafi Umara ya karɓi kwafin takardar. Da ya dawo ya zo kotu ya ba da shaida cewa benen yana nan, masauki ne na haya kamar kowane, kuma masu shi ba su taɓa jin sunan ƙungiyar ba. Lambar wayar da ke takardar tana shiga idan za ka biya kuɗin kula da ɗaki. Da na kira na ce daga kotu ne, aka kashe, ba ta sake shiga ba.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce ɓarayi sun cuci wani gida, shi ke nan. Amma ranar da aka dawo zama, bayan shaida ta gama, Usaini ya miƙe ya ce yana da magana. Ya ce azumin bara, da ciwo ya kwantar da mahaifinsu, Nasiru aka ba takardar ya tafi Umara da ita. Ya je benen aka kore shi, ya ƙarasa kwanakinsa a masaukin wasu 'yan garinmu. Da ya dawo sai ya gaya wa tsohon cewa ɗaki yana nan lafiya, har da labule sabo, ya kuma roƙi Usaini ya rufe bakinsa.

Alƙali ya tambayi Nasiru ko haka ne. Ya ce, “Allah ya gafarta Malam, Baba yana kwance. Da na faɗa masa, da baƙin ciki ne zai ƙarasa shi.”

Na rubuta wannan amsa, alƙalamina yana neman huda takarda. A shekarun da na yi a aiki na ga masu ɓoye shanu, na ga masu matsar da iyakar gona, amma ban taɓa ganin wanda ya san abu fanko ne, ya naɗe shi da turare, ya miƙa wa ƙanwarsa mai marayu huɗu yana yaba ibadarta ba.

Hadiza, wadda tun farkon shari'ar ba ta ɗaga kai ba, ta juya ta dube shi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Yaya, ka ɓoye wa Baba don tausayi, kuma na gode maka. Ni kuma don me ka ɓoye mini?”

Alƙali bai matsa wa Nasiru ba. Aka fitar da takardar daga cikin gado, aka rubuta cewa idan an taɓa kama waɗanda suka sayar da ita, abin da aka karɓo na magada ne gaba ɗaya. Aka sake rabo a kan abin da ido ya gani, ƙaramar gonar ta faɗa rabon Hadiza. Mun tura rahoto ga hukuma, amma har na yi ritaya ban ji an kama kowa ba. Malam Barau kuwa, duk da abin da ya gani da idonsa, na samu labarin ya sake biyan kuɗin kula da ɗaki a shekarar, wai ko Allah zai sa nasa ne na gaskiyar.

Abin da na koya shi ne, takardar ƙarya ba ta mutuwa da wanda aka cuta. Tana shiga gado, kuma a gida wanda ya fi kowa rauni da kunya ake tura wa ita. Saboda haka idan aka kawo muku gida a Dubai ko ɗaki a Makka ko fili a wata ƙasa, kada adon takardar ya hana ku tambaya. Ku nemi wanda ya je ya gani, wanda ba mai sayarwa ne ya kai shi ba. Idan aka ce muku magada sun yi sulhu, ku duba wanda ya fi kowa yin shiru a kan tabarma, ku tambaye shi sau biyu. Ni sau ɗaya na tambayi Hadiza, kuma saura kaɗan na rubuta.