Ƙodar Auta

A layinsu ba wanda ke kiranta da komai sai Mai Kitso. Shekara ashirin da ɗoriya ta yi a ɗan shagon nan da ke tsakanin mai gyaran rediyo da mai wanki da guga, da tabarmarta, da kujera 'yar tsugunno, da madubi mai tsaga a gefe. Ba ta taɓa haihuwa ba, mijin ma ya daɗe da rasuwa, amma shagon ba ya rabuwa da mata. Duk wadda ta ɗora kai a cinyarta sai ta amayar da abin da ke cikinta. Ita kuwa tana jan gashi tana cewa, "Zauna daidai, ba ni ce mijin naki ba."

Sai ƙodarta ta gaza, duka biyun. Shekara guda ta yi tana zuwa wankin ƙoda, har ƙaninta Auta, direban babbar mota, ya ce a yanke tasa ɗaya a sa mata. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Da ta fara kuka sai ya ce, "Haba Yaya, biyu gare ni, ɗayar ma zaman banza take yi."

Aiki ya yi kyau. Kafin a sallame ta, likitar da ke duba ta ta zaunar da ita ta yi mata bayani. A cikin jinin kowa akwai masu gadi da ke far wa duk abin da ba su sani ba, kuma sabuwar ƙodar baƙuwa ce a wurinsu. Don haka za ta riƙa shan ƙwayoyi safe da yamma har ƙarshen rayuwarta, su kwantar da masu gadin. Tunda gadi ya yi sanyi kuwa, ƙaramar mura ma za ta iya kayar da ita. Sai takunkumi a fuska, sai nesa da mai tari.

Wannan takunkumin shi ya kashe mata kasuwa. Wa zai buɗe cikinsa ga wadda ba ya ganin bakinta? Ranar da ta roƙi wata ta koma gida saboda jaririnta na tari, labari ya zagaye layin cewa Mai Kitso ta fara ƙyamar mutane. Da ɗai-ɗai suka janye. Takan buɗe shago da safe, ta share, ta zauna tana sauraron rediyon da maƙwabcinta ke gwadawa. Auta yana kan hanya, sai waya. Kaɗaici ya ci ta sosai, ita da ta saba da hayaniya.

A shekara ta uku ta tambayi likitar ko jiki ba ya sabawa ne. Likitar, mai son bayani ce, ta ce jiki yana da wasu sinadarai da ke ce wa masu gadi su dakata, wannan na gida ne. Su ne ke hana jikin mai ciki ya kori ɗan da ke cikinta. Ta ce akwai 'yan tsirarun mutane da jikinsu ke karɓar dashen ƙoda haka ba tare da magani ba, amma har yanzu ba a san yadda za a gane su ba, don haka kada ta kuskura ta daina magani.

Mai Kitso ta ɗauki farkon maganar ta bar ƙarshenta a asibiti. Nono ɗaya suka sha da Auta, a bayanta ya girma. In jikin uwa ya san ɗanta, ta yaya nata zai kasa sanin Auta? Har kunya ta ji, wai shekara uku tana shan magani saboda naman ɗan'uwanta. Ta zuba ƙwayoyin a gwangwani ta rufe, ta cire takunkumi.

Wata biyu ta yi cikin farin ciki. Mata suka dawo, har da mai jaririn. Daga nan ƙafafunta suka kumbura, fitsari ya ragu, wurin ɗinkin ya fara zafi. Ta yi shiru da bakinta na mako guda, sai da ta faɗi a shago aka kwashe ta.

Likitar ba ta yi mata faɗa ba, kuma hakan ya fi faɗan ciwo. Ta ce za su gwada ceto ƙodar, amma fiye da rabinta ya riga ya lalace.

Washegari da azahar Auta ya iso, ko wanka bai yi ba. Yana mura, don haka aka hana shi shiga ɗakin. Ya tsaya a bayan gilashin ƙofa ya kira wayarta, tana kwance tana kallonsa.

"Yaya, an ce kin daina shan magani."

"Na ɗauka jikina ya san ka," ta ce.

Ya share hanci da bayan hannu.

"Ɗaya ta rage min, Yaya. Yanzu na je na ce su cire ta su sa miki, sun ce ba za su karɓa ba."