Ranar da na mayar da Malam Barau lamba

Wata rana, shekara biyu ke nan, na zalunci wani dattijo da danna abu ɗaya a kwamfuta. Ban zage shi ba, ban ɗaga masa murya ba. Na gaji da riƙe abin a cikina, shi ya sa yau zan faɗa muku.

Ni mai fassara ce. A lokacin ina jagorantar ɓangaren Hausa a wani aiki na haɗin gwiwa tsakanin wani kamfanin ƙasar waje da wasu masu bincike. Manhajar waya muke ginawa, wadda za ka yi mata Turanci ta mayar maka da Hausa.

Da farko manhajar abin dariya ce. Ta iya "ina kwana" da "ina gajiya". Amma ka tambaye ta sunan wani ƙarfe a injin ban ruwa, ko ciwon da ke kama awaki da damina, sai ta hau kame-kame.

Sai aka yi mini kwatancen Malam Barau a Malumfashi.

Tsohon mai fassara labarai ne a gidan rediyo, ya yi ritaya. Shekara talatin da ɗaya yana yawo da biro a aljihu. Gareji, mahauta, marina, ɗakin shan magani, duk inda ya ji kalmar da masu sana'a ke amfani da ita, sai ya rubuta ta da ma'anarta.

Littattafai goma sha huɗu, irin na 'yan makaranta masu bangon kwali. A cikin tsohuwar akwatin ƙarfe yake ajiye su, da ƙwayar kafur saboda gara.

Na yi masa bayanin aikinmu. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "'Yata, ɗauki. Abu ɗaya nake so. In an gama, a sa sunan mai abu a jikin abinsa."

Na ce, "Haba Baba, wannan ai ba sai ka faɗa ba."

Ku riƙe wannan maganar tawa.

Wata huɗu muna kwafe littattafan cikin kwamfuta. Malam ya raba kowane shafi gida uku, amma jadawalin da kamfani ya ba mu gida biyu ne, Turanci da Hausa. Gida na uku an cika shi da ƙananan rubutu, sunaye da garuruwa da shekaru. Na leƙa sau ɗaya na ce wa masu bugawa, "Wannan tarkacen ku bar shi, ba ma buƙata."

Tarkace. Da bakina na faɗa.

Sai ranar cike fom ɗin sunayen waɗanda suka yi aikin ta zo. A irin aikinmu mutane kashi biyu ne. Akwai "abokin aiki", shi sunansa na fitowa a takardar bincike da cikin manhaja. Akwai kuma "mai ba da bayanai", shi ɓoye sunansa ake yi a ba shi lamba, wai don a kare masa sirri.

Gurbin abokin aiki yana neman adireshin imel. Malam Barau ba shi da imel. Na kira wayarsa sau biyu, a kashe.

Ranar Alhamis ce, ƙarfe huɗu za a rufe fom, ni kuma ina da kamun ƙawata ƙarfe biyar, ga ɗinkina bai fito daga wurin tela ba.

Minti biyar ya ishe ni in buɗe masa imel. Wallahi minti biyar.

Sai na danna "mai ba da bayanai". Na ce a raina daga baya na gyara. Na ɗauki jakata na tafi biki, har da rawa na taka.

Takardar amincewa da na kai wa Malam daga baya kuwa da Turanci take, shafi shida, ƙananan baƙaƙe. Idonsa ya yi rauni. Ya ce, "Ke kin karanta?" Na ce na karanta. Ya sa hannu.

Bayan wata takwas aka yi taron ƙaddamarwa a wani otal a Kaduna. Malam ya zo da babbar riga fara ƙal da ta sha guga, tare da babban ɗansa Lawandi, ɗan kasuwar hatsi. A bakin ƙofa Malam ya ja ni gefe yana murmushi.

Ya nuna Lawandi ya ce, "Wannan da kike gani, tun yana saurayi yake cewa na ƙarar da rayuwata a takardun da ko ƙosai ba za a naɗe da su ba. Yau na kawo shi ya gani da idonsa."

A lokacin na tuna da fom ɗin.

Aka yi jawabai, aka yi tafi. Aka gwada manhajar a gaban jama'a, ta kawo sunayen sassan injin ban ruwa tiryan-tiryan, zauren ya ɗauki sowa. Kalmominsa ne, ɗaya bayan ɗaya.

Sannan aka haska sunaye a allo. Mutum shida. Nawa ne na huɗu. A cikin shidan, mu biyu kawai ke jin Hausa.

Malam ya gyara tabarau ya karanta daga sama har ƙasa. Ya sake karantawa. Ya yafito ni da hannu.

"'Yata, ko akwai wani shafin?"

Na buɗe takardar binciken a wayata, na gangara can ƙarshe na nuna masa. An rubuta cewa kalmomin sana'o'i sun fito ne daga wani mai magana da harshen, namiji, ɗan shekara saba'in da ɗoriya. HA-014.

Ya ɗora yatsa a kan lambar.

"Wannan ni ne?"

"Baba, ƙa'idarsu ce. Don a kare maka sirri ne."

"Sirri? Shekara talatin ina faɗin sunana a rediyo safe da yamma. Wa ya ce miki ina ɓoyo?"

Na mayar da wayar cikin jaka.

Lawandi bai yi dariya ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya kama hannun mahaifinsa a hankali ya ce, "Baba, tashi mu je, kada mu rasa mota." Ko abincin taron ba su taɓa ba.

Washegari na rubuta wa kamfani. Amsarsu mai ladabi ce ƙwarai, har da "muna matuƙar daraja gudummawarsa". Amma an riga an saki kundin kalmomin a intanet, wasu kamfanoni sun kwafa, ga kuma sa hannunsa a takarda. Ba abin da za a iya canzawa.

Sati na zagayowa na kai masa littattafansa gida. Na shirya jawabin ban haƙuri tun daga gidana a Zariya har Malumfashi. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi mutanen gida, bai bar ni na fara ba.

Ya zaro littafi na uku ya buɗe, ya ɗora yatsa a gidan nan na uku da na kira tarkace.

"Karanta mini nan."

Na karanta. Audu Gajere, bakanike, tashar Funtua, 1989.

"Na ƙasa."

Inna Kulu, ungozoma, Dayi, 1994.

"Na ƙasa."

Sarkin Fawa Mati. Tela Ɗanjuma. Hajiya Yalwa mai rini. Gefen kowace kalma akwai sunan wanda ya ba shi ita, da garinsa, da shekarar. Daga baya na zauna na ƙirga. Mutum ɗari huɗu da goma sha biyu.

Ya ce, "Audu bai iya ko rubuta sunansa ba. Ba shi da imel. Amma ni ban rasa inda zan sa shi ba."

Ashe da ya ce a sa sunan mai abu a jikin abinsa, ba kansa kaɗai yake nufi ba. Ni ce ban tsaya na tambaya ba.

Ya rufe littafin ya ce, "Nawa sunan na yafe miki, 'yata. Amma Audu ya rasu, kuma da ƙafata na je na gaya wa ɗiyarsa cewa sunan babanta zai shiga waya. Har kuka ta yi. Jiya ta aiko tana tambaya ko ya fito. Ke da kika yi boko, faɗa mini abin da zan ce mata."

Har yau ban ba shi amsa ba.

Manhajar tana nan, wataƙila ma tana cikin wayarka. Ni kuwa an ƙara mini matsayi saboda ita, ana gayyata ta taro in yi jawabi kan "kare harsunanmu". Duk lokacin da aka tafa mini sai in tuna da ɗiyar Audu.

Darasi: Mu masu aikin fassara da fasaha, mu ji tsoron Allah. Kalmomin da muke zuba wa injin ba daga sama suka faɗo ba, daga bakin mutane suka fito, kuma mutanen nan suna da suna. In fom ba shi da gurbin mutum, a gyara fom ɗin. Kuma "daga baya na gyara" ƙarya ce da muke yi wa kanmu idan muna sauri.

In ka san wani mai tattara kalmomi ko muryoyin mutane don bincike, tura masa wannan kafin ya cike fom ɗinsa na gaba. In kuma za ka yaɗa, ka rubuta sunan a sama: Malam Barau Malumfashi. Da Audu Gajere, bakanike.