Ƙafar Kaka da Wayar Juma'a

Jiya na tsinci wani tsohon katin waya a ƙasan akwatin Inna mahaifiyata, irin wanda ake kankarewa ɗin nan. Haka kawai na sa farce na ƙarasa kankare shi, baƙin garin ya maƙale min a farce. Wallahi sai na ganni a gidan hayarmu na Gyaɗi-Gyaɗi, zamanin da soja suka koma bariki, 'yan siyasa suka cika bango da fasta, salula kuma ta fara shigowa gari. Lokacin duk wanda ya rataya waya a ƙugu, tafiyarsa ma canzawa take yi. Ni kuwa ina firamare, ko in ce sunana yana firamare, don gangar jikina ta fi zama a tashar Tarauni, inda Baba yake lodin bas ɗinsa.

Kakata, wadda ta haifi Baba, tana can ƙauyenmu tana fama da ciwon suga. Kafin zuwan waya, duk ranar kasuwar garinmu sai Baba ya ajiye aiki ya je ya gan ta da idonsa, ya dawo motar tana ƙamshin daddawa. To a gidan hayar nan akwai wata nas da muke ce wa Anti. Ita ta ba da shawara 'yan garinmu da ke birni su haɗu su sayi waya ɗaya a ajiye a ƙauye, in ciwo ya tashi ko naƙuda ta zo da gardama a kira, ta faɗi abin da za a yi kafin mota ta iso. Kar ka ji kamar zan kushe, shawara ce ta arziki. Baba ya sha sauke fasinja ya tafi ɗauko mai naƙuda saboda wayar nan, kuma yaran suna nan da ransu, wasu har sun fi ni gemu.

Aka damƙa wayar a hannun Baffa, ƙanin Baba. Matsalar ita ce duk faɗin garin babu sabis sai a kan wani tudu can bayan makaranta, tafiya mai ɗan nisa. Sai aka tsayar da Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Baffa ya kai Kaka tudun, mu kuma mu kira.

Ka san tsofaffinmu da kunyar ɗan fari. Baba ne ɗan farinta. Ba ta kama sunansa, ba ta hira da shi, in ya gaishe ta ma gefe take kallo. To wannan ce za ta kara waya a kunne ta yi masa bayanin jikinta? Sai aka ce ni, jika, abokin wasa, in dinga magana da ita. Anti ta ja kunnena ta ce mai suga ƙafarsa ake tsaro, ko ƙaya ce ta soke ta a faɗa mata.

Ni kuwa an zo fagena.

"Amarya, yaya ƙafa?"

"Ja'iri, wace ƙafar? Wadda zan take ka da ita? Lafiyarta ƙalau. Kai dai ka kawo lefe, na gaji da jira."

"Da wannan bakin naki ba haƙori? Ai na yi sabuwa a birni."

Sai ta yi ta dariya har da tari. Baba yana tsaye a gefena, ya karkato kunne, yana murmushi yana kallon ƙasa. In ya karɓa ya tambayi Baffa, amsar ɗaya ce: "Da sauƙi, Yaya, alhamdulillahi." Kafin a gama gaishe-gaishen gida da gona, kati ya ƙare.

Da damina ta lalata hanya, Baba ya rage zuwa. Hanya ta bushe, aka yi girbi, sanyi ya zo ya wuce, bai koma yadda ya saba ba. Me zai je yi? Duk Juma'a yana jin dariyarta.

Ana tsakiyar zafin bazara wani ɗan garinmu ya zo cin rani, ya biyo ta tasha. Ya durƙusa ya gaishe da Baba ya ce, "Sannu da jinya. Yaya ƙafar tsohuwa? Mu ai mun ɗauka tuni kun ɗauko ta." Motar ta kusa cika, Baba ya ce kowa ya sauka. Na faɗa kujerar baya, bai ma lura da ni ba.

Tun daga ƙofar ɗakin warin ya tare mu. Ashe tun lokacin girbi tushen kara ya huda mata tafin ƙafa, ba ta ji ba, don suga ya kashe mata jin wurin. Aka yi ta barbaɗa garin magani ana ɗaurewa da tsumma. A bakin ƙofa na ga baro, an shimfiɗa masa buhu da matashi. A cikinsa Baffa yake tura ta zuwa tudu duk Juma'a, don ta yi min tsiya Baba ya ji.

Baba ya juya kan Baffa. Baffa ya ce, "Cewa ta yi in na faɗa maka ba ta yafe min ba, wai kana neman abin da za ka ci da yara. Kuma Yaya, ana faɗa wa mutum irin wannan magana a waya?" Ita kuwa ta juya fuskarta bango. Ko a ranar, Baba bai iya tambayarta dalili ba. Ya sunkuya ya ɗauke ta cak.

Da muka iso gida Anti ta kwance tsumman, ta duba, ta fita tsakar gida ta daɗe a tsaye. Likitoci sun yi iya yinsu. Daga gwiwa suka yanke.

Ranar da aka bar ni na shiga wurinta, ta dube ni ta ce, "Angona, yau kuma ba tsiya? Ai ka huta, yanzu ba inda zan gudar maka." Ni da kwandastocin Tarauni suke tsoron bakina, sai kawai na tsaya ina kallon inda zanin ya lotsa.

A ɗakin Inna ta ƙarasa sauran kwanakinta. Allah ya jiƙanta.

Yanzu adaidaita sahu nake ja, galibi hanyar asibiti. Waya ta waye, har fuskar mutum take nunawa, ana cewa an gama da ɓoye-ɓoye. Kwanaki na ɗauko wani dattijo da ɗansa yake tallafe da shi, ko zama ba ya iya yi sosai. 'Yarsa ta kira daga wani gari. Ina gani ta madubi ya gyara hula, ya matso da wayar dab da fuska don kar a ga sauran jikin, ya ce, "Da sauƙi sosai, 'yar nan, har tuwo na ci."

Bakina ya yi ƙaiƙayi. To in ce me, a matsayin wa? Sai kawai na rage gudu ina kauce wa ramuka, don kar ya yi nishi ta ji.