Lissafin da Ya Wargaje a Wayar Malamin Dabbobi

A shekarata ta shida ina koyar da lissafi a lise, wato babbar sakandare, ta Filinge na ga ya kamata in yi wa masu shirin jarrabawar bak, ta kammala sakandare, wani abin da zai bi su har gida. Da yawansu ba ƴan gari ba ne. Da an ba da hutu sai su watse ƙauyukan Kurfai, wasu har Tondikandiya, ga shi littafi guda mutum huɗu ke karɓa-karɓa da shi. Waya kuwa, ko ɗalibi ba shi da tasa, ba a rasa ta wani a gidansu.

Ƙanwata tana karatun ilimin kwamfuta a Yamai. Da ta zo hutu na faɗa mata abin da nake so, ta ce wannan ai aikin kwana biyu ne. Muka zauna ƙarƙashin rumfar tsakar gida, ta buɗa mini shafi a intanet, ta koya mini yadda ake rubuta lissafi a cikinsa. Ba a rubuta shi yadda muke yi a allo. In kana son lamba bisa lamba, sai ka sa wata karkatacciyar sanda, ka rubuta "frac", ka kulle kowace lamba cikin wasu baka biyu masu lanƙwasa. In kana son lamba ta hau kafaɗar wata, sai ka sa alama mai kama da ƴar hula. A wurin rubutu abin ba shi da kyan gani ko kaɗan, amma da an buɗe shafin sai ya fito tsaf kamar bugun littafi. Na duba a kwamfutarta, na duba a wayata, na ji daɗi ƙwarai. Bayan ta koma na zuba darussa arba'in da amsoshinsu, na ba ɗalibai adireshin, na ce su ba duk mai so.

Wata uku ba wanda ya kawo mini ƙara. Na ɗauka kome lafiya.

Wata ranar kasuwa da hantsi, cikin zafin bazara, aka yi sallama a ƙofar gidana. Na fito na tarar da wani mutum da zai girme ni da kamar shekara goma, ya jingine babur ɗinsa a inuwar itacen bedi, da akwatin sanyi na allurar dabbobi ɗaure a baya. Bayan mun gaisa ya ce shi malamin dabbobi ne a Damana. Ya bar makaranta tun yana saurayi, lokacin da mahaifinsa ya rasu, yanzu kuma ya yi rajista zai zauna bak da kansa, ba ta hannun wata makaranta ba. Ƴar maƙwabcinsa ce ta ba shi adireshin shafina.

"Mushe, ku yi haƙuri na zo ba sanarwa," ya ce, yana kirana yadda ɗalibai ke kiran malami da faransanci. "Akwai wurare ukku da amsata ta ƙi haɗuwa da taku. Na juya, na juya, na rasa inda na ɓata."

Na shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo ruwa. Ya ciro wani kaye, littafin rubutu mai bango shuɗi, daga jakarsa ya miƙo mini. Na buɗe, sai na ga abin da ban taɓa zato ba. Shafi bayan shafi, da rubutun alƙalamin bik mai tsabta, ya kwafe sandunan nan karkatattu, da baka, da ƴan huluna, da "frac" ɗin, duk yadda na buga su.

"Malam, ina ka samo wannan?"

"Ai haka shike fitowa." Ya buɗe wayarsa ya nuna mini. Shafina ne, bayanin faransancin yana nan lafiya lau, amma duk inda lissafi ya kamata ya tsaya sai tarkacen alamomi. "Na zaci sabon salon rubutu na da aka kawo bayan mun bar lakkol. Sai na ce bari in koye shi, tunda shi za a tambaya."

Kunya ta rufe ni. Na tambaye shi yadda ya yi ya gane. Ya ce yana da wani tsohon littafin lissafi, sai ya riƙa neman darasi mai kama da nawa yana gwada su. Cikin mako biyu ya gano mai raba lamba sama da ƙasa, ya gano aikin hular, ya kuma lura cewa hular tana ɗaga duk abin da aka kulle cikin baka, in babu baka kuwa harafi guda kawai take ɗagawa. A bangon kayen ya yi wa kansa jerin alamomin da ma'anarsu. Ban ga kuskure ko ɗaya a jerin ba.

Muka duba darussan nan uku. Na yi na farko a takarda, amsata ta fito yadda na sa a shafi. Sai ya ɗora yatsa bisa layin da ya kwafa.

"To amma nan ba ku sa baka ba, Mushe. Lamba biyun nan kaɗai za ta hau, sauran su tsaya ƙasa."

Na buɗe shafin a wayata, inda yake fitowa da kyau, na ƙura ido. Gaskiyarsa. Na manta bakan a wurare uku, lissafin da ke shafin ya zama daban da wanda ke kaina. Na sha duba shafin nan, idona yana ganin abin da na yi nufi. Na ce masa amsoshinsa ne daidai, nawa ne kuskuren. Bai yi dariya ba. Ya dai sauke numfashi, ya ce kwana da kwanaki yana tunanin ko kansa ne ya tsufa.

Yana zaune na kira ƙanwata na sa ta a lasifika. Ta saurara, ta ce, "Yaya, na gane. Shafin ba shi ke zana lissafin da kansa ba. Aiken wayar yake yi ta ɗauko wata manhaja mai nauyi daga wani wuri, ita ke zanawa. In rezo, wato sabis ɗin waya, ba ƙarfi, ko manhajar da mutum ke shiga intanet da ita mai tsimin data ce, to aiken ba ya dawowa. Ni a Yamai na saba da rezo mai ƙarfi, ban kawo wannan a raina ba." Ta ba malamin haƙuri, ya ce ba kome, ai ya ƙaru.

Washegari na tambayi ɗalibaina a aji. Fiye da rabi suka ce haka yake fito musu a ƙauye. Sun ɗauka laifin wayarsu ne, suka rufe, ba wanda ya ga dalilin faɗa mini.

Gyaran bai zo da sauƙi ba. Ƙanwata ta mai da kowane lissafi ƙaramin hoto, don kada waya ta je neman kome. A wasu wayoyin hotunan suka fito ƙanana kamar ƙwayar gero. Ta gyara. A wasu kuma, masu baƙin fage, baƙin rubutun ya ɓace ɗungum, sai da ta sa wa kowane hoto farin fage. Malamin dabbobi ne ya zama mai gwada mana. Aikinsa na kai shi rugage da bakin rijiyoyi inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, duk inda ya tsaya sai ya buɗe shafin ya aiko mini da saƙon murya, kukan awaki na tashi a bayansa: "Mushe, darasi na sha bakwai ya fito, na sha takwas rabinshi ya yanke." Sai da aka yi ruwan shuka kafin muka ga bayan matsalar.

Ya zauna jarrabawar a nan Filinge, a aji guda da ɗalibaina, waɗanda wasunsu ya isa ya haife su. Bai ci a zagayen farko ba, makinsa ya kai shi zagaye na biyu, a can ya haye. Ranar da aka kira sunaye ya zo gidana, muka ci tuwo tare. Ya ce zai nemi shiga makarantar kiwon dabbobi in an ba shi dama a wurin aiki. An ba shi bayan shekara guda.

Kafin ya tafi makarantar ya rubuto mini darussa biyar na kansa, a kan yadda ake auna maganin tsutsa gwargwadon nauyin akuya da yadda garke ke ƙaruwa shekara bayan shekara. Na sa su a shafin. Ɗalibaina ƴan ƙauye sun fi saurin gama su a kan nawa.