Fankar da Ta Daina Jin Duka

A tasha Guduma suke ce masa, a gida kuma mu ce Baba. Direban tasi ne tun kafin a haife ni, gajere, mai faɗin ƙirji, hannuwansa kamar an sassaƙo su daga icce. Ba ya shan komai, ba ya fashin aiki, bai taɓa bari mun kwana da yunwa ba, kuma da tsohuwar motar nan ya ɗauki nauyin karatuna har na gama jami'a. Na fara da wannan ne don kada wanda ya karanta sauran ya ɗauka mugu ne. Baba dai mutum ne da ya yarda har cikin ransa cewa duk abin da ya ƙi aiki, duka yake nema.

Rediyo ya yi shiru, ya sha mari. Ƙofa ta cije, ta sha ƙafa. Abin haushin shi ne sau da yawa abin yakan tashi, sai ya juyo ya dube mu ya ce, "Kun gani ko?"

Mu biyu ya haifa, ni da Yaya. Ni na koyi sunkuyar da kai tun ina ƙarami. Yaya bai iya ba, ga shi da son kwance abubuwa ya ga cikinsu. Yana ɗan saurayi ya kwance rediyon motar Baba, Baba ya same shi a kai, ya ɗauke shi da marin da ya haɗa kansa da bango. Jini ya fito ta kunnen hagu. Inna ta toshe da auduga, jinin ya tsaya, amma kunnen bai ƙara ji ba. Ta hana mu faɗa wa Baba. Ta ce in ya ji zai ce sharri ake masa, ya ƙara masa wani. Daga baya Yaya ya bar gidan, ya koyi aikin wayar mota, ya zama rewaya mai rumfarsa a gareji. Ranar da zai tafi, yana ɗaure jakarsa ya ce mini, "Auta, in ya sake ɗaga mini hannu, wallahi ba zan tsaya ina kallo ba." Tun daga ranar nake addu'ar kada Allah Ya haɗa su a wuri ɗaya.

Fankar da ke hura iska cikin mota, ta sanyi ko ta ɗumi, tana can ƙarƙashin dashbod, daidai inda fasinjan gaba ke miƙe ƙafa. Ta motar Baba ta daɗe tana gardama. A murɗa maɓalli ta yi shiru, sai an shure ta take tashi. Baba ya mai da abin wasa. Fasinja na shiga zai ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka mana da ƙafa ɗaya nan ƙasa." Mutum ya shura, iska ta taso, a yi dariya. Da na gama karatu na rasa aiki, sai nake binsa wasu ranakun don kada zaman gida ya haukata ni, shurin ya zama aikina. "Digiri, ba ta ɗaya," in ji shi, don haka yake kirana.

Wata rana da la'asar ruwa ya kece muna tsakiyar titi. Gilashin gaba ya yi hazo ta ciki, ba ka ganin komai sai jan fitilun motocin da ke gabanka. Iskar fanka ce ke share wannan hazon. Na shura, shiru. Na sake, shiru. Baba ya saki sitiyari da hannu ɗaya, ya kwanto ta kan cinyata yana naushin ƙasan dashbod yana zagi. Motar ta karkace ta hau gefen titi, ta kwashi baron wani mai lemo. Goshina ya bugi gilashi. Mai lemon ya tsira don ya yi tsalle, amma na ga fuskarsa dab da mu kafin ya yi tsallen, kuma har yanzu ina ganinta.

Dole a gyara fanka. Sai dai babu rewayan da zai taɓa motar Guduma. Ɗaya ya taɓa shan mari don ya ce batir ya mutu, wani an shaƙe masa wuyan riga a gaban matarsa. Duk inda muka je sai a ce aiki ya yi yawa. Inna ce ta ce, tana kallon ƙasa, "Malam, ai kana da ɗa rewaya." Da safe Baba ya ce in shiga mota.

Garejin fili ne cike da matattun motoci, ƙasar ta yi baƙi da mai. Muna shiga na ji mai faci yana faɗa wa makanikin kusa da shi, "Guduma ya iso, kowa ya adana kumatunsa." Yaya ya fito daga rumfa yana goge hannu, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina kwana."

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Fanka ce."

Yaya ya ɗauko fitilar gwaji, 'yar ƙaramar fitila mai tsinke da waya, wadda ke kamawa in ta taɓa inda wuta take. Ya fara da fiyus, ya ce lafiyarsa lau. Ya cire rile na fanka, ɗan akwatin da ke sakar mata wuta, ya musanya da na hon, hon ya yi ƙara, ya ce shi ma ba shi ba ne. Ya kwance durowar gaban fasinja ya miƙo mini, ya kwanta rigingine a cikin motar, kansa ƙarƙashin dashbod, ƙafafunsa a waje ta ƙofa. Ya ce in zauna a kujerar direba in murɗa makulli. Ya zare wayar da ke shiga fankar ya taɓa ta da tsinken, fitila ta kama.

"Wuta na zuwa," ya ce. Da ni yake magana, bai ko kalli inda Baba yake ba. "Injin fankar ne. Akwai ɗan gawayi a ciki da ke goga, ya cinye. In an shure ta sai ya ɗan taɓa, ta tashi. Yanzu babu sauran abin da zai taɓa. Ga gidanta ma duk ya tsage. Dukan ne ya ƙarasa ta."

Na ga wuyan Baba ya kumbura. Yaya bai gani ba. Ya mai da wayar, ya ce in sake kunnawa, ya manna kunnensa mai ji a jikin fankar don ya ji ko tana ɗan gurnani. Mataccen kunnen ne ya rage a waje.

Baba ya matso ya tsaya a kan ƙafafunsa. "Me ka ce ya ƙarasa ta?"

Shiru.

"Da kai nake magana."

Shiru. Makanikai sun bar aikinsu suna kallo. Na san dalilin shirun, ni kaɗai a wurin na sani, na buɗe baki amma harshena ya ƙi motsi. Tun ina yaro haka nake in muryar Baba ta sauka ƙasa irin haka.

"Ni za ka mayar mahaukaci a gaban mutane? Don ka iya haɗa waya?"

Ya cafki idon sawun Yaya da hannu biyu ya fizgo shi. Ƙeyar Yaya ta bugi ƙarfen bakin ƙofa, sannan ta bugi ƙasa. Kafin ya gane abin da ke faruwa Baba ya zuba masa ƙafa a haƙarƙari, ya ƙara, ya ƙara. Yaya ya dunƙule yana tari, jini na bin wuyansa. Mai faci ya rugo yana cewa, "Haba Guduma, ɗanka ne fa!" Baba ya ture shi ya faɗa kan tayoyi. Ya kama wuyan rigar Yaya ya ɗago shi tsaye, ya ja hannun dama baya, tafin a buɗe.

Ban ga lokacin da Yaya ya ɗauki sifana ba. Ƙarar kawai na ji, kamar an karya busasshen reshe. Baba bai yi ihu ba. Ya ja da baya ya zauna daɓas cikin baƙin mai, yana riƙe da hannun, wanda ya lanƙwashe a inda bai kamata ba. Yaya na tsaye a kansa, sifanar a sama, idonsa kamar ba nasa ba. Makanikai biyu suka rungume shi ta baya. Wani yana ta salati.

Sai a lokacin muryata ta fito, kuma da ihu ta fito. "Ba ya ji! Ba ya ji da kunnen nan, Baba! Tun ranar rediyo! Kai ka kashe masa shi!"

Baba ya dube ni. Yaya ya saki sifanar, ya shige rumfa ya ja ƙyaure.

A asibiti nas ta tambayi abin da ya faru, Baba ya ce murfin inji ne ya faɗo masa. Aka ɗaure hannun da filasta har gwiwa, likita ya ce ya manta da tuƙi sai wani lokaci. A gida Inna ta daina cin abinci. Ba karayar ce ke cinta ba. Jira take ta ji ko Baba zai buɗe baki ya tsine wa ɗansa, domin duk mun san in ya furta, ba zai janye ba. A gareji kuma labari ya riga ya zaga. Na je na tarar babu mota ko ɗaya a gaban rumfar Yaya, wai ba za a ba wanda ya doki ubansa aiki ba. Yana zaune a ciki, ƙeya a ɗaure, yana kallon hannunsa. "Auta, na doki Baba," ya ce, ya kuma maimaita. Ni kaina in cokali ya faɗi a kicin sai na zabura.

Aka yi kwanaki a haka. Ran nan da hantsi Baba ya ce in kai shi gareji. Na ce ko a bari ya ƙara samun sauƙi. Ya kalle ni, na je na tsayar da mai babur.

Ya tsaya a tsakiyar filin, kusa da motarsa da ke nan yadda muka bar ta, durowar a kan kujera, wayoyi na reto. Ya ɗaga hannun mai filasta sama yadda kowa zai gani.

"Ku saurara, ku duka! Murfin inji ne ya karya ni."

Mai faci ya yi tari. "Guduma, ai muna wurin."

"Kana wurin? To zo ka faɗa mini abin da ka gani. Hannun hagu na nan lafiya."

Mai faci ya ce shi dama idonsa ba shi da kyau. Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta. Baba ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ya ce duk wanda ya sake jin ya ɓata sunan ɗansa, gida zai bi shi. Sannan ya taka zuwa rumfar. Ƙyauren a rufe yake. Na ga ya ɗaga ƙafa, na rintse ido, amma ban ji ƙara ba. Da na buɗe, ya jawo wani tsohon batir ne da ƙafar, ya zauna a kai a bakin ƙofar.

"Digiri," ya ce, bai juyo ba, "shiga ka faɗa masa ina nan. Ta kunnensa na dama za ka tsaya."